Shin sai da harshen Turawa ake zama malami a jami'o'in Masar?

Ustaz Nura (Alƙahira):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya kwana uku yana cina, na ce bari in kawo shi nan. Ina da aboki Bamisire, mutumin Sa'id, wato kudancin Masar, daga wani ƙauye kusa da Suhaj. Fanninsa balaga, wato ilimin fasahar zance na Larabci, kuma wallahi ban taɓa zama da wanda ya san Abdulƙahir Aljurjani, babban malamin fannin, kamarsa ba. Ka kawo masa baiti, sai ya warware maka shi zare-zare. Tun bara ya gama rubuta kundinsa na majistir, wato digiri na biyu, amma har yau ba a sa masa ranar munaƙasha, wato kare kundin, ba, don bai kawo takardar cin jarrabawar Turanci da jami'arsu ta sharɗanta ba. Sau uku yana zama, sau uku maki kaɗan na hana shi. Shekaranjiya ya ce mini yanzu in ya shiga taron malamai ya ji ana ta jefa kalmomin Turanci, ji yake kamar baƙo a gidan ubansa. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Mutumin da ya ƙware a harshen ƙasarsa, a fannin da asalinsa na harshen ne, a ce ba zai wuce ba sai ya iya bakin wasu?

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam Ustaz. Allah ya ba shi sa'a a zama na gaba. Amma gaskiya ni ban ga laifin sharaɗin ba. Dubi Ahmad Zuwail. A Iskandariyya ya yi digirinsa na farko, ya tafi Amurka a 1969, ya zauna a Caltech, a 1999 aka ba shi kyautar Nobel a ilimin sinadarai. Da Larabci kaɗai ya riƙe, wa zai san aikinsa? Kasuwar ilimi yau da Turanci take ci. Wanda ya ƙi shiga, kansa ya yi wa.

Ustaz Nura (Alƙahira):
Injiniya, ban musa maka a kan sinadarai ba. Amma a 1988 an ba marubucin Masar Najib Mahfuz irin wannan kyautar a fannin adabi, kuma da Larabci ya yi rubutunsa kaf. Abokina ba sinadarai yake karanta ba.

Dakta Halima:
Bari in faɗi abin da na gani da idona, don a Masar na yi karatun likita. A takarda, da Turanci ake koyarwa. A aji kuwa wani abu ne daban. Littafi na Turanci, sunan cuta da na magani na Turanci, amma bayanin da ke haɗa su duk da ammiyya, wato Larabcin kasuwa na Masar, malami yake yi. Ka je gadon majiyyaci, tsohuwa ta faɗa maka ciwonta da ammiyya, ka juya ka rubuta a fayil da Turanci. Ka koma masallacin asibiti a yi huɗuba da fusha, wato daidaitaccen Larabci. Harshe uku a wuni ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarar farko. Aji ya rabu biyu tun ranar da aka fara. Akwai 'ya'yan da suka fito daga makarantun da suke kira madaris lugat, inda tun firamare ake koya musu lissafi da kimiyya da Turanci ko Faransanci. Akwai kuma waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati, waɗanda makinsu na jarrabawar gama sakandare ya kai ƙololuwa, don ba a shiga likitanci a can da ƙaramin maki. Waɗannan na biyun su ne za ka gani da ƙamus har tsakar dare suna haddace shafi guda kamar ana tilawa. Ba ƙwaƙwalwa ce ta raba su ba, aljihun iyaye ne. Wata ƙawata daga Manufiyya ta fi kowa gane darasi, amma ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, tsoron kada a yi dariyar yadda take furta kalmomi. Ni da na zo daga Kano da Turancina sai nake fassara mata littafi, ita kuma tana fassara mini abin da majiyyata ke cewa.

Baba Malam Garba:
'Yata Halima, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda ke ciwo. Bari tsoho ya ƙara muku tarihi, don da yawa suna zaton haka aka faro. Ba haka ba ne. A 1827 mai mulkin Masar Muhammadu Ali ya buɗe makarantar likitanci a Abu Za'abal, ya damƙa ta ga wani likita Bafaranshe da ake kira Kulot Bek. Malaman Turawa ne, ɗaliban kuwa da yawansu daga Azhar aka kwaso su, ba su jin Faransanci ko kaɗan. Sai aka sa tafintoci a tsakani. Malami ya faɗa, tafinta ya juya, sannan aka sa shehunan Azhar suna gyara Larabcin littattafan da aka fassara, suna tono kalmomin tsofaffin likitocin Musulunci. A 1837 aka mayar da makarantar zuwa Ƙasrul Aini a Alƙahira. Shekaru masu yawa da Larabci ake yaye likitoci a Masar, har Misirawan da kansu suka riƙa wallafa littattafan fiɗa da na tiyata. Sai Ingila ta mamaye ƙasar a 1882, kafin ƙarnin ya ƙare aka juya karatun ya koma Turanci, kuma bai sake dawowa ba. A Dimashƙa kuwa tun 1919 suka kama koyar da likitanci da Larabci.

Ga wani abu kuma. Dokar jami'o'in Masar mai lamba 49 ta 1972, a sashe na 168, ta ce Larabci ne harshen koyarwa, sai fa in majalisar jami'a ta ga dalili na musamman na amfani da wani harshe. Wannan ƙofar da aka bari ita ce likitanci da injiniyanci da haɗa magunguna da kimiyya duk suka bi suka fice.

Abu Sumayya:
Allah ya saka da alheri Baba. To ai kun gani. Ba buƙata ce ta kawo Turanci ba, mamaya ce. Misirawa ma suna da sunan cutar, uƙdatul khawaja, wato ganin duk abin da ya fito daga Bature ya fi. Mu dubi Ɗaha Husaini. Ya yi Azhar, ya tafi Faransa, ya dawo da digirin Sorbon, sai a 1926 ya fitar da littafin da ya jefa shakku a kan sahihancin waƙoƙin Jahiliyya. Shekara ɗaya kafin nan Margoliouth na Oksfod ya rubuta kusan wannan magana. Mahmud Shakir yana ɗalibi a ajin Ɗaha ya ƙi yarda, har ya bar jami'ar gaba ɗaya bai karɓi digiri ba. Yau duk mai karatun adabin Larabci da gaske sai ya bi ta kan tahƙiƙin Shakir, wato tsofaffin littattafan da ya tantance ya gyara aka buga. To me Sorbon ɗin ta ƙara? A 1938 kuma Ɗaha ya fito yana cewa Masar ta fi kusa da Turai a tunani, har yana son a koyar da Girkanci da Latin. Harshe ba ya zuwa shi kaɗai, da kayansa yake tafe.

Malam Isufu (Damagaram):
Abu Sumayya, ina girmama kishinka, amma hujjar da ka kawo tana da baki biyu. Ta yaya Shakir ya gane inda maganar ta fito? Shi da kansa ya ba da labari cewa ya karanta maƙalar Margoliouth tun kafin ya ji ta a aji, kuma da Turanci aka rubuta ta. Da bai iya karanta ta ba, da ya zauna kamar sauran ɗalibai yana rubuta abin da aka faɗa masa. Iya harshen ne ya ba shi makamin da ya kare gidansa.

Ni da Faransanci na tashi, don haka wasu daga mutanen da zan ambata na karanta su a harshen da suka rubuta. Shehu Muhammad Abdullahi Daraz ɗan Azhar ne gaba da baya, ya kare kundinsa a Sorbon a 1947 a kan tsarin ɗabi'a a cikin Alƙur'ani. Ya zauna gaban malaman falsafar Faransa ya yi musu bayani da harshensu, da ma'aunansu, bai sauke rawaninsa ba. Shehu Abdulhalim Mahmud a Faransa ya yi digirinsa a kan Harisul Muhasibi, ya zo ya zama Shehun Azhar daga 1973 zuwa 1978. Mahmud Hamdi Zaƙzuƙ a Jamus ya yi nasa, yana gwama Gazali da masanin falsafar Faransa Dekart. Shehun Azhar na yanzu, Ahmad Ɗayyib, ya fassara littattafai a kan Ibnu Arabi daga Faransanci. Muhammad Abduh sai da ya haura shekara arba'in sannan ya zauna ya koyi Faransanci. Waɗannan duk ciwon khawaja ne ya kama su?

Abu Sumayya:
A'a Malam, waɗannan sun cika tulunsu a gida kafin su fita. Daraz ya haddace Alƙur'ani, ya koyar a Azhar, sannan ya tafi. Wanda nake ji wa tsoro shi ne yaron da aka fara da baƙon harshe tun yana shekara huɗu, wanda in zai rubuta wa uwarsa saƙo da haruffan Turawa yake rubuta Larabcin, abin da suke kira franko.

Ustaz Nura (Alƙahira):
Malam Isufu, labarin Daraz ɗin nan akwai ɓangarensa da ke ba ni tausayi. Ya rasu a 1958. Littafin bai fito da Larabci ba sai 1973, da Abdussabur Shahin ya fassara shi. Shekara ashirin da shida tsakanin kare kundin da ranar da ɗalibin Azhar ya iya buɗe shi ya karanta. Mafi girman aikin malaminsu, amma Bafaranshe ya riga su sha.

Malam Isufu (Damagaram):
Wannan gaskiya ne Ustaz, kuma shi ya sa nake ganin Rifa'a Ɗahɗawi ya fi kowa gane bakin zaren. Shi ma mutumin Sa'id ne kamar abokinka, garinsu Ɗahɗa yana cikin lardin Suhaj. A 1826 aka tura shi Faris ba a matsayin ɗalibi ba, liman ne na tawagar ɗalibai, malaminsa Hasanul Aɗɗar ne ya ba da sunansa. Yana iya tsayawa a kan limancinsa ya dawo. Sai ya duƙufa ya koyi Faransanci, shekara biyar. Da ya dawo bai zauna yana burge mutane da baƙon harshe ba. A 1835 ya kafa Makarantar Harsuna, ya tara yara daga larduna, ya koya musu, ya zaunar da su suna juya littattafan tarihi da labarin ƙasa da lissafi da doka zuwa Larabci. Ko da mai mulkin Masar Abbas na ɗaya ya rufe makarantar ya tura shi Khartum, fassara ya ci gaba da yi a can. Tsangayar Alsun, wato ta harsuna, ta jami'ar Ainu Shams daga wannan makaranta ta gaji sunanta. Shi ya ɗauki harshe kamar guga: a zura a rijiyar wasu, a jawo, a zuba a randar gida.

Dakta Mansur:
To ku bari in faɗa muku me ya sa gugar ta daina dawowa, don ni malamin jami'a ne kuma na yi aikin bincike tare da Misirawa. Maganar ƙarin girma ce. A can, daga mudarris zuwa ustaz musa'id zuwa ustaz, wato daga malami zuwa mataimakin farfesa zuwa farfesa, kwamitocin da ke ƙarƙashin Majalisar Ƙoli ta Jami'o'i ne ke auna takardun mutum. Maƙalar da ta fito a mujallar da Scopus, rumbun da ke jera mujallun ilimi na duniya, ya lissafa tana da nauyi na musamman, su kuma waɗannan mujallu kusan duk na Turanci ne. Jami'o'in ma suna ba da kyautar kuɗi ga wanda ya buga a waje, saboda da shi ake ɗaga matsayinsu a jerin jami'o'in duniya. To saurayin malami mai iyali, albashi ba yawa, me zai zaɓa? Ya ɓata shekara biyu yana fassara littafi mai amfani ga ɗalibansa, ko ya rubuta maƙala uku da Turanci? Wani abokin aikina masanin zamantakewa ne, ya yi bincike mai kyau a kan unguwannin talakawan Alƙahira. Da Larabci ya yi tunaninsa, da Larabci ya yi hira da mutanen, ya biya aka juya masa zuwa Turanci, ya sake biya aka goge masa, aka buga a waje. Ya ce mini in ya karanta ba ya jin muryarsa a ciki, kuma babu ko ɗaya daga mutanen da ya yi hira da su da zai iya karantawa.

A 2016 gwamnati ta buɗe Bankin Ilimi na Masar, wanda ke ba ɗan ƙasa damar shiga manyan mujallun duniya kyauta. Aiki ne babba, mu nan muna sha'awarsa. Amma an buɗe rumbu ne, mabuɗin fahimtar abin da ke ciki kuwa yana hannun wanda ya iya Turanci.

Injiniya Kabiru:
Ai Dakta maganata ka ƙarfafa. Tunda haka abin yake, abokin Ustaz ya koya kawai.

Dakta Mansur:
Ya koya mana, ban hana ba. Amma dubi mutum biyu. Abdulwahab Almasiri malamin adabin Turanci ne a Ainu Shams, a Amurka ya yi digirinsa na uku a 1969. Turanci a bakinsa kamar ruwa. Da ya tashi yin aikin rayuwarsa, kundin nan mai juzu'i takwas a kan Yahudawa da Yahudanci da Sahyoniyanci da ya fito a 1999, da Larabci ya rubuta. Jamal Hamdan a Ingila ya yi digirinsa na labarin ƙasa, amma babban aikinsa a kan halayyar ƙasar Masar da Larabci yake, kuma har gobe Misirawa da shi suke fahimtar kansu. Ali Musɗafa Musharrafa, Bamisire na farko da ya shugabanci tsangayar kimiyya a 1936, yana buga bincikensa a Landan, yana kuma rubuta wa jama'a littattafan kimiyya da Larabci, har ya yi tahƙiƙin littafin aljabara na Khawarizmi. Tsarin da ake auna malamai da shi yanzu, rabin aikin waɗannan mutane ba zai gani ba.

Rukayya:
Malamaina ku yi haƙuri in sa baki. Duk maganar da ake yi a kan Turanci da Faransanci take. A Jami'ar Alƙahira akwai sashen harsunan Afirka inda ake karanta Hausa da Sawahili har digiri na uku. Na taɓa taimaka wa wata Bamisiriya da ke rubutu a kan karin maganar Hausa. Hausarta ta fi ta wasu 'yan birninmu tsabta. Amma ta ce mini in aka ce wane ya iya harsuna, ba a nufin irinta. Abin da ya fi ba ni mamaki, in ta maƙale a kan kalma, ƙamusun Bargery na 1934 take buɗewa, daga Hausa zuwa Turanci, sannan ta juya a ranta zuwa Larabci. Hausa da Larabci da suka yi ɗaruruwan shekaru suna cuɗanya, yau sai Turanci ya tsaya a tsakaninsu yana tafinta.

Baba Malam Garba:
Jikata, irin wannan ya faru da tarihin Fir'aunoni ma. Tun daga Mariyet a 1858 Faransawa ne ke shugabantar hukumar kayan tarihi ta Masar, Bamisire bai hau kujerar ba sai bayan juyin 1952. Ahmad Kamal Basha, wanda ake ɗauka Bamisire na farko a wannan fanni, ya sha wuya kafin a ba shi gurbi, ya rasu a 1923. Har yau babban ƙamusun tsohon harshen Masar da Jamusanci yake. Ɗan Luksor da aka haifa a gindin gumakan, in yana son karanta abin da kakanninsa suka sassaƙa, sai ya bi ta Jamusanci da Faransanci da Turanci. Salim Hasan ya ga haka ya zauna ya rubuta tarihin tsohuwar Masar da Larabci a juzu'i goma sha shida.

Dakta Halima:
Akwai abin da na manta. Yanzu a jami'o'in gwamnati ma an buɗe sassan Turanci da na Faransanci a tsangayoyin kasuwanci da shari'a da tattalin arziki, ana biyan kuɗi mai kauri. Gini ɗaya, malamai kusan ɗaya, amma ɗan sashen Larabci yana cikin ɗaki mai ɗaruruwan mutane, ɗan sashen Turanci yana cikin ƙaramin aji, kuma banki shi zai fara kira. Ga Jami'ar Amurka tun 1919, ga ta Jamus, ga ta Birtaniya, ga ta Faransa. Ustaz, ina ganin abin da ke damun abokinka ba jarrabawar ba ce kaɗai. Ya san wa ake nufi da ita.

Abu Sumayya:
To in har don a faɗaɗa wa mai balaga tunani ne, me ya sa dole sai Turanci? A ba shi zaɓi mana. Farisanci ko Turkanci sun fi kusa da fanninsa. Aljurjani kansa mutumin Jurjan ne a ƙasar Farisa.

Malam Isufu (Damagaram):
A nan kam muna tare. Sai dai in ƙara: an yi rubutu mai yawa da Turanci a kan nazariyyar nazmu ta Aljurjani, wato ra'ayinsa kan tsarin jeruwar kalmomi a zance, ana gwama ta da ilimin harshe na zamani. Wasu sun fahimce shi, wasu sun karkatar. Wa zai gyara musu in ba irin abokin Ustaz ba? Ni ina so ya iya, ba don takardar ba.

Ustaz Nura (Alƙahira):
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Jiya bayan isha na karanta masa abin da kuka rubuta, ina juya masa zuwa Larabci. Labarin Ɗahɗawi ya daɗe yana jinjinawa, ya ce tun suna firamare ake koya musu sunansa amma bai taɓa lura cewa liman ya tafi ba. Maganar Dakta Halima kuwa shiru ya yi, can ya ce haka ne. Mun yi yarjejeniya: kullum bayan la'asar zan zauna da shi awa ɗaya a kan Turanci, shi kuma ya ɗora mini Dala'ilul I'ijaz, littafin Aljurjani, daga farko. Bayan wata biyu zai sake zama. Dakta, in kina da littattafan koyon jarrabawar da kika yi amfani da su, ki turo mini.

Dakta Halima:
Zan duba cikin akwatina yau da dare in sha Allahu. Ka ce masa ya fi ba sauraro ƙarfi, a nan mafi yawansu ke zubar da maki.

Abu Sumayya:
Ustaz, in kun fara Dala'il ɗin, ku nemi bugun da Shakir ya yi wa tahƙiƙi. Kuma don Allah ka riƙa naɗar karatun kana sa mana a nan, mu ma muna so.